Ba a Kwana a Gaban Akwatin Wuta

Yayana mai wayarin ne, wato haɗa wayoyin lantarki a gidaje, kuma tun ina yarinya na san shi da jaraba guda: in ya shiga gidan mutane, kafin ya gaida masu gida sai ya gaida bango. Idonsa na sama yana neman inda aka haɗa wayoyi. In ya ga akwatin haɗi ba murfi, to ranar ko ruwa ba zai sha ba sai ya yi wa masu gidan wa'azi. Dokar aikinsu ce, in ji shi: duk inda waya ta haɗu da waya a sa su cikin akwati, a rufe da murfi, murfin kuma ya zauna a fili inda hannu zai kai. Ba a binne shi a siminti, ba a ɓoye shi bayan kabad. Mun sha jin wannan karatu har mun haddace.

Ɗansa ɗaya ne namiji. Tun da ɗan ya samu ƙarin girma a wurin aiki kowa ke ce masa Manaja, har uban ma ya koma kiransa haka, da wasa da farko, daga baya ba wasa. Bayan rasuwar matar Yaya, Manaja ya zo da shawara: a rushe tsohon gidan, a gina na zamani a filin, Baba ya huta. Na ce wa Yaya kada ya yarda, ya ce ni dai bakina ba ya faɗin alheri. Aka rushe. A sabon ginin aka ba shi ɗaki guda a bayan falo, siriri, mai taga ɗaya. Gado ya shiga, kujera ta shiga, akwatin kayan aikinsa ya shige ƙarƙashin gado, shi ke nan wuri ya ƙare. Duk abin da ya rage masa a duniya ke nan, kuma wallahi yana son ɗakin nan, don a daidai wurin ne ɗakin matarsa yake a da.

Shi ya yi wayarin gidan da kansa, ga hannu ya fara rawa, ga ido ya fara hazo. Aikinsa na ƙarshe ne, kuma ya zuba masa duk abin da ya sani. Babban akwatin haɗi ya kafa shi a bangon falo, wanda ya raba falon da ɗakinsa, da farin murfi da noti a kowace kusurwa.

Manaja kuwa bango yake so mai sheƙi, baƙin tayil tun daga ƙasa har silin, talabijin a tsakiya. Farin murfin nan ya tsaya masa a rai. Ranar da na raka Yaya asibitin ido Manaja ya sa mai tayil ya shafe wurin da siminti ya liƙa tayil a kai. Da muka dawo falon cike yake da abokan Manaja, ana ta yaba bango. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa da audugar asibiti a ido ɗaya, ya ɗaga kai ya duba, ya sake dubawa.

"Ina akwatina?"

"Baba, ka shiga ka huta," in ji Manaja.

"Ka binne haɗin waya? Kai, ashe karatun naka bai kai ka ko'ina ba. Doka doka ce, ko gidan wa ne. Wannan aikin jahilai ne!"

Wani cikin baƙin ya yi dariya ya mayar da ita tari. Na dubi fuskar Manaja, na ga yana murmushi. Na san yaron nan tun yana cikin tsumma. In ya yi fushi ya yi ihu, to abin ya wuce. In ya yi murmushi, ya ajiye ne.

Aka kwana biyu, damina ta zo ta wuce. Sai fitilun falo suka fara ƙyaftawa, fanka ta riƙa tsayawa tana tashi, wani wari kamar na ƙonanniyar roba ya riƙa zagaya gidan. Matar Manaja ta aiko a kira ni, don ta rasa yadda za ta yi da uba da ɗa. Na tarar da Yaya yana bin baƙin bangon nan da tafin hannu, a hankali, kamar mai taɓa goshin yaro mai zazzaɓi. Ya tsaya a wuri ɗaya.

"Nan ne. Haɗi ya saki, yana zafi. Tayil ɗaya za a fasa, a ɗaure, a mayar da murfi."

"Ba mai taɓa min bango," in ji Manaja.

"To gidan zai kama da wuta."

"Zan kawo wanda ya san aiki."

Wanda ya kawo ɗin, don cin fuska, mutumin da ya koyi aiki a hannun Yaya ne. Dogo ake ce masa, yanzu shi ma har ya yi furfura yana da shagonsa. Da ya shigo ya durƙusa har ƙasa ya gaida Yaya, yana "Maigida, Maigida". Ya taɓa bangon ya ce gaskiyar Maigida ce, nan ne. Manaja ya tambaye shi ko ba a iya kai wa ga akwatin ta baya. Dogo ya ce ana iyawa, sai dai bayan ɗakin Maigida ne.

"Ai Baba ba zai damu da 'yar ƙura ba," in ji Manaja. "Kuma tunda za a fasa, a yi mai gaba ɗaya. Babban akwatin wutar gidan da ke waje ruwa na dukansa, a dawo da shi ciki. Da makunnin janareta, da na sola, duk a haɗa su wuri ɗaya. Baba ne zai duba aikin, shi ne babba."

Ku zo ku ga Yaya! Tsohon nan har da sa tsohuwar rigar aikinsa. Ya jawo akwatin kayansa daga ƙarƙashin gado, ya goge sukundireba, ya goge filaya. Ya ce min, "Auta, kin gani? Yaron ya dawo hanya." Ni dai ban ga inda abin ya dosa ba, amma raina bai kwanta ba.

Aka kashe wutar gidan, aka fasa bango ta ɗakin Yaya. Ƙura ta rufe gado da labule da hoton marigayiya. Suka tarar da wayoyin sun yi baƙi, roba ta narke. Dogo ya yanke ya sake haɗi, ya sa sabon akwati da murfinsa ta wannan gefen. Yaya na zaune a bakin gado yana ba da umarni. A toshe wannan ramin da ba a sa waya ba, kada ɓera ko yatsan yaro ya shiga. A bar wa waya tsawo, mai gyara na gaba ya samu abin kamawa. A ɗaure jikin ƙarfen da wayar da ke shiga ƙasa, kada ya ja mutum. Kada a cusa wayoyi da yawa a ƙaramin akwati, ba buhu ba ne. Dogo yana "To, Maigida", yana yi. Na daɗe ban ga Yaya yana dariya haka ba.

Babban akwatin kuwa ƙaton abu ne na ƙarfe, ruwan toka, mai ƙofa kamar ta kabad. Aka kafa shi a bangon da ke fuskantar gado, don can wayoyin suka fito. Da la'asar aka gama, aka kunna, fitilu suka kama tar, fanka ta juya. Matar Manaja ta kawo ruwan sanyi. Ga abokan nan na Manaja sun zo, waɗanda suka ji maganar jahilai, wai sun zo ganin aiki. Suka cika bakin ƙofar ɗakin.

Manaja ya jingina da ƙofa, hannu a aljihu.

"Baba, aiki ya yi?"

"Ya yi. Yanzu ka yi gida."

"Komai bisa doka?"

"Komai."

"To tuna min, ni da karatuna bai kai ni ko'ina ba. Mece ce dokar gaban babban akwati?"

Yaya ya gyara zama zai fara karatun da ya saba. Ya buɗe baki ke nan sai ya tsaya. Ya dubi akwatin, ya dubi gwiwoyinsa, da suka kusa taɓa shi daga inda yake zaune a kan gado. Ni ma a lokacin na gane.

Dogo ya yi maza ya sunkuya kamar zai ɗauki filaya, ya yi ƙasa da murya, amma na ji shi. "Maigida, ka ce wannan filin ya isa. Ni zan ce haka ne. Ba wanda ya sani a nan sai ni da kai."

"Yaya," na ce, "ka gaji, a bar maganar sai gobe."

"Gwaggo, bar shi ya faɗa," in ji Manaja. "Ai Baba ba ya ɓoye gaskiya, ko a gaban baƙi."

Na zuba wa Yaya ido ina roƙonsa a zuciyata ya yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa. Kalma biyu ce, ya isa.

"Gaban akwati fili ne," in ji Yaya, muryar can ƙasa. "Ƙofarsa ta buɗu gaba ɗaya. Mutum ya tsaya ya yi aiki, in wuta ta ja shi ya samu inda zai ja da baya. Ba a ajiye kaya."

"Gado fa?"

"Ba a ajiye komai."

Manaja ya miƙa hannu ya ja ƙofar akwatin. Ta buɗu rabi ta bugi ƙarfen gadon, ƙwas. Ya mayar ya sake ja, ta sake bugawa, don kowa ya ji.

"Ka gani, Baba. Ba ni na faɗa ba."

Na tashi masa. Na ce ɗan banza, mara kunya, a filin uban naka kake tsaye, a nan aka yanke maka cibiya. Na ce a juya gadon. Dogo ya gwada, ya ja nan ya tura can, gumi na zuba, amma ɗakin siriri ne, duk yadda aka juya gadon yana gaban akwati. Na ce to a ba shi ɗakin baƙi. Manaja ya ce ɗakin baƙi na baƙi ne, abokan aiki na sauka. Matarsa ta fara cewa wani abu, ya dube ta, ta haɗiye ta koma kicin.

"Gwaggo, ai ke kina da wuri," ya ce, cikin ladabi kamar yana gaishe ni. "Kullum kina cewa ba ma kula da shi yadda ya kamata. Ga dama ta samu."

Wurin nawa ɗaki ne da ɗan zaure a gidan haya, ni da jikoki. Ya san haka sarai.

Abokansa biyu suka kama gadon suka fitar, Yaya ya miƙe tsaye don su ɗauka. Aka fitar da kujera, aka cire labule. Inda gadon ya tashi sai ga tsofaffin silifas na marigayiya, na ɗauke na cusa a jakata kafin wani ya taka. Dogo yana tattara kayansa yana share ido da hannun riga, bai iya duban kowa ba. Ni kuwa ina ta zagi har muryata ta dushe, ba wanda ya tanka min. Da Yaya ya ga butarsa a ƙasa gaban akwatin, da kansa ya sunkuya ya ɗauke ta ya fitar waje.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Da ake ɗaukar akwatin kayan aikin Yaya murfin ya buɗe, kaya suka zube. Cikinsu akwai wani ɗan allon ƙarfe ja mai hoton walƙiya, irin wanda ake kafawa a ƙofar ɗakin wuta don kada mutane su shiga. Ya daɗe yana ajiye da shi. Manaja ya ɗauka ya juya shi a hannu.

"Wannan ma doka ce, ko Baba?"

"Ana sawa."

"To sa mana. Hannunka ya fi na kowa tsabta."

"Yaya, jefar masa!" na ce. "Zo mu tafi!"

Ya karɓa. Ya ja ƙofar ɗakinsa ya rufe, ya ɗora allon a kai, ya zaro sukundireba daga aljihun rigar aikin. Notin farko ya faɗi, ya lalubo shi a ƙasa. Dogo ya matso zai taimaka, ya ture hannunsa. Ya ɗaura na sama, ya ɗaura na ƙasa, yana nishi, goshinsa kusan manne da ƙofar don ya gani. Manaja har ya gaji ya koma falo, muka ji ya kunna talabijin.

Da Yaya ya gama ya ja da baya, ya karkata kai, ya ƙanƙance idon nan mai hazo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo wajena.

"Auta, ba na gani sosai. Ya miƙe?"

Na duba. Ko kaɗan bai karkace ba.

"Ya miƙe, Yaya," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya mayar da sukundireba aljihu, ya ɗauki butarsa ya bi bayana.