Geron Inna a Gonar Gwamnati

Wanda bai ga Sabha, can ƙasar Larabawa bayan hamada, a shekarun da kuɗin man fetur suka fara kwarara ba, ko an ba shi labari sai ya ce ana ƙara gishiri. Garin da a da itatuwan dabino suka fi mutane yawa, sai ga shi ya cika da manyan motoci da buhunan siminti, kowane lungu ana haƙa ana ɗora bulo. Burodi ya yi arhar da har awaki sun ƙoshi da shi. In ka tsaya bakin kasuwa da hantsi kana neman aikin yini, kafin ka gama gyara rawani wani Balarabe ya tsayar da mota ya ce ka hau. Mutanen Nijar da suka zauna can a lokacin, har yau in aka ambaci Sabha sai su yi murmushi.

Cikinsu akwai Illia, mutumin wani ƙauye a arewacin Dakoro. Ya iso a bayan babbar mota a shekarar da fari ya gama da dabbobi, tare da matarsa Hassia da 'yarsu Hindatou tana goye. Kayansu ba su kai a kira su kaya ba. Abu ɗaya yake kaffa-kaffa da shi, wani ɗan gora mai toshe da tsumma, yana rataye a wuyansa ƙarƙashin riga.

Gero ne a ciki, ko hatsi, kamar yadda mutanen ƙauyensu suke kiransa. Irin gidansu ne, wanda mahaifiyarsa Maïmouna, da suke kira Inna, ta gada wurin tata uwar. Dogo ne, zangarniyarsa ta kai tsawon hannun babban mutum, tana da gashi mai tsini da ke hana tsuntsu sauka, furarsa kuwa tun daga zaure ake jin ƙamshinta. A yunwar nan kowa a ƙauyen ya daka irinsa ya ci, ba wanda za a zarga. Inna ce kaɗai ta ɓoye ɗan abin da ya rage, ta sha ruwan ganye tana kallon inda ta binne shi. Ranar da Illia zai taso ta kira shi ɗaka, ta danƙa masa goran.

"Karɓi, Illia. In ya ƙara wata guda cikin gidanga sai mun cinye shi, na san kaina. An ce can ruwa daga ƙasa yake hitowa, ba a jiran sama. Ka shibka shi ya yawaita. In Allah ya maido damina, ka maido mini abina."

Suka sami ɗaki a unguwar Hajara, cikin gidan wasu Larabawa masu tarin 'ya'ya. Wanda ya sama wa Illia aiki kuwa Lado ne, wani Bakano mai sayar da rediyo da kaset a kasuwa, mutumin da bakinsa ba ya gajiya da tsiya amma hannunsa a buɗe yake. Ya haɗa shi da direban da ke kai ma'aikata wata gonar gwamnati a hanyar Tamanhint.

Ranar da Illia ya fara ganin gonar, salati ya yi ta yi. Tsakiyar rairayi, inda ko ƙadangare ba ya tsayawa, ga wani dogon bututu bisa tayoyi yana zagayawa a hankali yana yayyafi, ƙarƙashinsa kore shar har iyakar gani. Da sanyi alkama, da zafi gero. Sai dai geron nasu bai cika masa ido ba. Gajere ne, iya ƙugu, kansa ɗan dunƙule, duka gonar tsawo ɗaya kamar an yi mata aski.

Mai wannan gero wani Ba'indiye ne siriri mai tabarau, kowa na ce masa Duktur. Ba likitan mutane ba ne, likitan iri ne. Aikinsa ya ɗebi bununin wannan gero ya zuba a kan wancan, ya rufe da jakar takarda ya ɗaure, har ya fitar da irin da ke nuna da wuri ya cika buhu. Ma'aikata suka sa masa suna mai ɗaura wa gero aure, shi ma da ya ji fassarar dariya ya yi.

Da zafi ya zo, Illia ya nemi izini wurin shugaban gonar, aka ba shi wani ɗan gefe inda yayyafin bututun ke kaiwa. Ya zazzage goran duka, domin irin ya kwana biyu, yana tsoron in ya ƙara ajiye shi ya mutu. Ya yi bisimilla ya shuka da diddige kamar yadda aka koya masa. Rabi ya tsiro. Wanda ya tsiro kuwa ya sha ruwan da kakanninsa ba su taɓa mafarkin samu ba, ya miƙe ya wuce kan mutum, yana kallon geron gwamnati daga sama. Illia kan ci abincin rana a inuwarsa. In iska ta kaɗa ganyen, sai ya rufe ido ya ji kamar yana gonar gida, har ya ji sautin taɓaryar Inna, kewa ta cika masa ciki.

A nan Duktur ya same shi lokacin da geron ya fara fitar da kai. Ya daɗe yana shafa gashin zangarniyar, idonsa na ƙyalli. Da guntun Larabcinsa da guntun na Illia suka fahimci juna. Duktur ya ce wannan gero mai daraja ne, amma yana dab da nasa, kuma tare za su yi bununi. Iska za ta kwaso na gonar gwamnati ta zuba a kan wannan. Bana ba za a ga komai ba, sai an shuka 'ya'yan. Ya miƙo masa jakunkunan takarda ya ce ya rufe kawunan. Sannan ya roƙi ko cikin tafin hannu na tsohon irin, in akwai saura, ko kai ɗaya da zai rufe da kansa, ya ajiye a firij ɗin ofis, inda iri ke shekaru bai mutu ba.

Illia mutumin kirki ne, amma in ya kafe ko raƙumi ya san da zamansa. Ya karɓi jakunkunan don kunya, ya yi godiya, batun firij kuwa ya ce amana ce, ba shi da ikon bayarwa. Da yamma ya kai wa Lado labari a shago.

"Wai in sa wa hatsi hula, Malam Lado! Mu can gona na jikin gona, gamba kaɗai ke tsakani, ban taɓa jin hatsin wani ya shiga na wani ba. Kuma wai a sa shi hirij, sai ka ce kihi."

Lado ya yi dariya har da riƙe ciki. "To ai kai ma da ka ba shi, ka ce ya haɗa da lemo. Amma fa Illia, mutanen nan da karatunsu suke magana."

"Karatunsu na hatsinsu ne. Wanga na Inna ne."

Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, a ƙauyensu gonar maƙwabci da tasu duk iri ɗaya ne, tun kaka da kakanni. Ko iska ta kwaso ta zuba, gida ta kawo gida. Jakunkunan Duktur dai Hassia ta samu na ƙunsa barkono.

Girbin farko ya yi kyau har ya ba da tsoro. Illia ya zaɓi manyan kawuna ya ɗaure ya rataye a rufin ɗaki, sauran Hassia ta daka ta yi fura. Suka kira 'yan garinsu, aka zauna a tabarma ludayi na zagayawa. Wani dattijo, Barka, ya kurɓa ya ajiye ludayin, hawaye na bin gemunsa, ya ce rabonsa da wannan ƙamshi tun kafin shanunsa su mutu. Ranar nan Illia ya ji duk Sabha ba wanda ya kai shi arziki.

Da shekara ta zagayo ya sake shukawa a wuri ɗaya. Tun geron na iya gwiwa hankalinsa ya fara tashi, domin wani ya yi sama wani ya tsaya. Da ya fitar da kai, sai abin ya fito fili. Wannan dogo amma kansa guntu, wancan gajere da gashi kaɗan, wani ba gashin sam, tsuntsaye sun samu wurin biki. Ya bi layi-layi yana dubawa, gumi na zuba, yana neman geron uwarsa a cikin gonar da ya shuka da hannunsa. Akwai masu kama, amma ko makaho ya shafa ya san an sami baƙo a gidan. Ya zauna a ƙasa, ya rasa abin da ke masa daɗi. Tsohuwa ta hana cikinta ta ba shi, shi kuma ya zo ƙasar da burodi ke zube ya lalatar.

Da ƙafarsa ya je ofishin Duktur. Mutumin bai ce ai na faɗa maka ba, Allah ya saka masa. Ya biyo shi gonar, suka zaɓi waɗanda suka fi kama da na asali, suka rufe musu kai. Ya ce in ana haka kowace shekara za a matso kusa, amma ya koma sak yadda yake, wannan ba zai yi masa alkawari ba. Illia ya kalli firij ɗin da ke kusurwar ofis, fari tas, yana ta gurnani, ya kau da kai.

Haka ma'aikata suka wayi gari suna ganin Illia yana sa wa gero hula da hannunsa. Lado ma, da bakinsa, bai yi tsiya a kan wannan ba. Shekara ta bi shekara, Hindatou ta tashi tana wasa da 'ya'yan masu gida, Hassia ta koyi dafa makaroni da jan miya, geron yana ɗan matsowa yana ɗan kaucewa.

Ana nan sai Chékaraou, direban da ke zirga-zirga tsakanin Sabha da Agadas, ya zo da saƙon baki daga gida. Ruwa ya dawo. Inna ta ce ƙarfinta na raguwa, a aiko mata da abinta ta shuka da hannunta tun tana iyawa.

Illia ya zaɓi mafi tsawon kawunan da yake da su, ya sussuka, ya cika goran nan da wani ƙaramin buhu. Ya je shagon Lado don ya ɗauki murya a kaset, kamar yadda kowa ke yi. Ya gaida Inna, ya gaida dangi ɗaya bayan ɗaya, ya ba da labarin bututu mai zagayawa da arhar burodi. Da ya zo kan maganar geron sai harshensa ya yi nauyi. Lado na kallonsa, kaset na juyawa. Ya ce, "Ga hatsi nan, Inna," ya danna ya kashe.

Amsa ba ta zo ba sai bayan kaka. Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci Chékaraou ya miƙa masa kaset a ƙofar shagon Lado. Bai yarda ya saurara a kasuwa ba. Ya kai gida, Hassia ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Hindatou ta zo ta jingina da shi tana cin dabino. Aka yi ta shuuu, aka ji carar zakara da muryar wani yaro yana cewa ta yi magana, kaset ya fara ɗauka. Sannan muryar Inna ta fito, ta tsufa fiye da yadda ya bar ta.

Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta sa albarka. Sannan ta ce, "Hatsi ya iso, Illia, na shibka. Tun da ya hidda kai na gane ba nawa ba ne, kai ma ka sani, shi ya sa muryarka ta maƙale. Ba na yi maka faɗa. Ruwa ya ɗauke da wuri bana, na mutane da yawa bai kai ba, wanga kuwa ya riga ya nuna. Mun ci, maƙwabta sun ci. Hurar dai ba ta da ƙamshin nan, ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka ranar da na dama ta. Na bi gonar kai da kai, na samu 'yan kaɗan masu kama da na uwata, na rataye su. In da rai, a nan gida za su dawo hankalinsu, ko ban gani ba." Ta yi tari. "Kar ka sake aiko mini da hatsi. Ɗiyar nan da kuka tahi da ita a goye, ita nake so ka kawo mini tun ina gane mutane. Hindatou, kina jina? Kakarki ce. Kin san ni?"

Hassia ta sa gefen zane ta rufe fuska. Illia ya juya ya dubi 'yarsa, yana jira ta amsa, ko da kakar ba za ta ji ba. Yarinyar ta ji sunanta a cikin rediyo, ta zaro ido don murna. Ta ja hannun rigarsa, ta tambaye shi da Larabcin 'yan Hajara, tsab ba gargada:

"Baba, me tsohuwar nan take cewa?"