Wayar Shanyata

"Ɗaga ta sama kaɗan, Sha'aban. Ba igiyar akuya kake ɗaurewa ba."

Baba Ma'aruf ke nan, kwance kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, numfashi na yi masa wuya amma bakin nan bai mutu ba. Mijina Sha'aban na kan tsani yana ɗaura waya a darbejiyar da ke tsakanin gidanmu da nasu. Wayar kuwa tawa ce, ta shanya. Tasa, ta eriyar rediyo, iskar farkon damina ta tsinka, ta yi gaba da rabi.

Tun da ya yi ritaya daga gyaran na'urorin sadarwa, ba shi da aiki sai wata 'yar rediyo da ya haɗa da hannunsa, irin wadda ake magana a ciki a ji amsa. Da batirin babur take aiki. Ya sha cika mana baki wai ƙarfinta bai fi na ƙwan tocila ba, amma tana kai muryarsa har Damagaram. Can akwai wani Malam Ɗantsoho da suke hira kullum bayan la'asar: gero ya yi, gwiwa ta matsa, wane ya rasu. Ba su taɓa ganin juna ba. Ko lambar salula ba su karɓa ba, wai wannan ta masu gaggawa ce.

Ni dai rediyon nan ta ishe ni. Shekara da shekaru ina jin shuuu ta katanga, ga faɗa in na kuskura na rataya zane a wayarsa. Amma da matarsa Inna Adama ta shigo ta ce, "Zaituna, ya nemi gafarar kowa, saura mutumin nan na Damagaram, ya kasa kwantar da hankalinsa," sai na kwashe kayan yara na kwance tawa na miƙa mata.

Ranar ya yi ta kira. "Ɗantsoho, Ma'aruf ne daga Daura." Shuuu kawai. Ya ce hadari ne. Washegari muryar ta ƙi fita, sai ya yafito ni.

"Nan ake dannawa a yi magana, a saki a saurara. Ke sakin ne zai ba ki wuya."

Na yi dariya, na fita na yi kuka.

Da hantsin Laraba ya cika, aka kai shi kafin azahar. Bayan la'asar muna zaune jigum da mata 'yan gaisuwa, sai rediyon da babu wanda ya tuna ya kashe ta yi ƙara.

"Ma'aruf, Ɗantsoho ne. Kwana biyu, lafiya kuwa?"

Inna Adama ta dube ni. Na rarrafa na danna.

"Baba, maƙwabciyarsa ce. Allah ya yi masa rasuwa yau. Ya ce ka yafe masa."

Na saki. Shuuu, mai tsawo.

"Ma'aruf, can ƙasa-ƙasa nake jin ka. Batirinka ya yi sanyi. Ka yi caji, sai gobe in Allah ya kai mu."

Na sake dannawa, 'yar jar fitilar ta dushe a ƙarƙashin yatsana.

Inna Adama ta goge fuska da mayafi. "Ki ce wa Sha'aban ya kai batirin caji."

Na koma gida, na shanya kayan yara a kan katanga. Can sama wata kurciya ta sauka kan wayata, tana ta lilo abinta, babu mai yi mata faɗa.