Ranar da Meram ta tsallaka Yagana

Malam Dogara mai wa'azi ne a wata 'yar majami'a ta leburorin jirgin ƙasa a Nguru. Shekarar da gero ya ƙi, ya je Gashua duba wasu 'yan'uwa, ya tarar da unguwar masunta ta yi dafifi a ƙofar wata tsohuwa, Meram.

Laifinta bai wuce yunwa ba. Mijinta ya mutu, ba ɗa ba jika, sai bin gidaje tana roƙon dusa. Ta shiga gidan Ibram masunci, idonta ya daɗe a kan tukunyar matarsa Yagana. Kwana kaɗan zazzaɓi ya kwantar da Yagana, tana sambatu tana kiran sunan tsohuwar. Shi ke nan, wai mayya ce, ta kama kurwar yarinya, sai ta zo ta tsallaka ta kafin ta sake ta.

Meram ta ƙi. Ta kama gefen rigar baƙon, don shi kaɗai ne bai riƙe sanda ba.

"Ɗana, in na tsallaka, ai na amsa ke nan."

Malam Dogara mutum ne mai tausayi, amma akwai shi da saurin ganin ya gane abu. Ya ce, "Iya, tsallake ba ya kashewa, ba ya rayarwa. Ki yi don su ajiye sanduna. Allah ya san zuciyarki."

Ta tattare zaninta ta tsallaka. Shi kuwa ya jiƙa kwinin ɗin da ke aljihunsa ya ba Yagana, ya durƙusa ya yi addu'a da dukan ransa.

Yagana ta tashi garau. Wannan tashin ne ya gama da Meram. Me ya rage kuma, ga shaida kowa ya gani? Malam ya yi ta faɗin cewa kwinin ne ya warkar da ita har muryarsa ta dushe, ba wanda ya waiwaye shi. Aka yaye rufin ɗakinta, aka hana ta bakin rijiya.

Ya ɗauko ta a motar kifi zuwa Nguru, ya ba ta ɗakin baya. Labari ya riga su isa. Ran Lahadi matan da ya yi wa wa'azin ƙauna suka ja 'ya'yansu can gefe. Abin ya ci masa rai, ya rasa ma wa zai yi wa faɗa.

Da hantsi matarsa ta miƙa wa Meram jaririnta don ta samu ta yi daka. Tsohuwar ta ja baya, ta rufe fuska da mayafi.

"Iya, lafiya?" in ji Malam.

"Ɗana, na tsallaka, ta kuwa tashi. Ku ɗauke shi daga gabana. Ni ma ban ƙara yarda da idona ba."