Baba Sanni Zai Tafi Gida

"Ba zan ɗauke ka ba, Baba," in ji Abdul-Kudus, yana goge hannu da tsumma. "Ko a gaba, ko a kan buhu."

A unguwar Alabar muke, gefen motarsa ta ɗaukar albasa. Ni na riƙo jakar Baba Sanni, don ba shi da ƙarfin ɗaukarta. Ɗakinsa na jikin nawa a unguwar Aboabo, kuma shi ne mai gadin rumfar katako da nake aikin kafinta a Anloga, kafin ciwon ƙirji ya zaunar da shi. Likkafaninsa ne a jakar, da riga ɗaya. So yake ya mutu a ƙauyensu, can arewacin Burkina, a sa shi kusa da mahaifiyarsa.

Abdul-Kudus ya ce shi kansa ya daina wuce Wagadugu. Mutanen daji sun riƙe hanya, suna tare motoci, suna ƙona garuruwa. Baba ya tambayi su wane ne. Direban ya fara bayani: wai tun da Turawa suka rusa Libiya bindigogi suka gangaro, sojojin Faransa suka zo korar mutanen dajin, suka daɗe, suka tafi, aka kawo wasu Turawan daban, abin sai ƙaruwa yake. Ni dai na ɓace a tsakiya. Na kasa gane yadda faɗan Libiya ya iso gonar geron su Baba.

"Musulmi ne?" Baba ya tambaya.

"Haka suke cewa."

"To, shi ke nan. In sun tare mu, sai in yi musu sallama. Dole su amsa."

Abdul-Kudus ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce limamin wani gari ma ya yi musu sallama. Bai ƙarasa ba, Baba kuma bai nemi ƙarshen ba.

Muka hau tasi muka koma gida. A hanya Baba ya ce wataƙila direban tsoro ne da shi kawai, yaran yanzu. Na ce wataƙila.

Daga ranar bai ƙara fita ba. Da safe nakan kawo masa koko da ƙosai, ya sha kokon ya bar mini ƙosan. Yakan sa ni in kira lambar ƙanwarsa Ayishatu, ba ta taɓa shiga ba. Wani ɗan ƙasarsu ya ce mutanen ƙauyen sun gudu garin Wahiguya, wani ya ce a'a, Mali suka tsallaka. Baba ya ce duk ƙarya ne, wa zai bar gero a gona ya tafi? Wani lokaci ya tambaye ni ko Faransan ne suka ci yaƙin. Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma bai san wa zai yi wa addu'a ba.

Ranar Laraba bayan azahar ya cika. Muka kai shi maƙabartar Tafo. Da aka ajiye makara, liman ya ce ɗan'uwansa na jini ya shiga ramin ya karɓe shi. Muka kalli juna. Liman ya sake faɗa, ya ce ko ɗan garinsu ma ya isa. Babu wanda ya motsa.

Abdul-Kudus na can baya, ban ma san ya zo ba. Ya ratso mutane a hankali, ya tuɓe takalmansa ya jera su a bakin kabarin, ya naɗe ƙafar wando. Ya sauka, ya ɗaga hannuwa biyu sama yana jira.