Koren Allon Tsado

Tun daga tasha Rebecca Gaiya take cika tana batsewa, har direba ya daina jan ta da hira. Shekara tara tana da shago a unguwar Tunga cikin Minna, tana gyaran kwamfuta da na'urorin asibiti, ba a taɓa cewa ga abin da ya mutu a hannunta ba. Yau da sassafe sai ga wayar Dokta Noah, dattijon da ke da ƙaramin asibiti a Gwada, ko gaisuwa babu. Na'urar hoton ciki ta ɗauke, allo baƙi ƙirin, daga sa mata manhajar da Rebecca ta aiko jiya. Ya ce ta zo yanzu-yanzu. In laifinta ne ya gama aiki da ita, kuma da bakinsa zai kira sauran asibitoci huɗun da ya haɗa ta da su. In kuwa na Tsado ne, ma'aikacinsa mai kula da kwamfuta, to yau Tsado zai kama gabansa.

Laifinta? Ita? Ai abin ma da rainin hankali.

Ga yadda suke aikin. Sabis a asibitin ba ya iya sauke babban fayil, sai ya kai rabi ya tsinke. Don haka ita ke saukewa a Minna, ta zuba a filashi, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a kwamfuta, ta bai wa direba ya kai. Kowace manhaja kamfani na bayar da ita da lambar tantancewa, haruffa da lambobi sittin da huɗu a jere, kamar zanen yatsan fayil ɗin: ɗigo ɗaya ya lalace a hanya, lambar ba za ta ƙara dacewa ba. Rebecca kan rubuta wannan lamba a wani ɗan fayil ta ajiye kusa da babban. Doka ɗaya ta kafa wa Tsado, kada ya sa komai a na'ura sai ya gwada, ya ga alamar kore, ya turo mata hoto. Jiya ma ya turo, hoton na nan a wayarta.

Ta iske su a ɗakin na'ura. Dokta na zaune ya haɗe rai, Tsado na tsaye jikin bango ya yi tsuru-tsuru, babban mutum da furfurarsa.

"Ina kwana, Baba Dokta," ta ce a taƙaice. "Malam Tsado, ba ni filashin."

Ta soka shi a kwamfutarta ta gwada da lambar kamfani. Bai dace ba, ko kusa. Filashin ya ci wani sashe na manhajar, irin abin da aka ƙirƙiro lambar don ganowa ke nan. To daga ina kore ya fito? Ta buɗe ɗan fayil ɗin. Wannan ba nata ba ne. Nata, kamar yadda kwamfutarta mai tsarin Linux ke rubutawa, lamba ce a gaba, sunan fayil a baya. Wannan kuwa suna ne a gaba, ga wata guntuwar lamba mai harafi takwas a maƙale a wutsiya.

"Malam Tsado, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, Madam."

"Ina nawa?"

"Na goge shi." Ya faɗa hankali kwance, wai shi mai aiki da tsari. "Ai naki ba ya buɗuwa. Abin gwajin da ke kan Windows ɗina cewa yake bai san irin tsarin ba. Amma akwai wurin da ake dannawa ya ƙirƙiro sabo. Sai in nuna masa abin da ke cikin filashin, ya rubuta lambarsa, in gwada, ya kawo kore."

Kai jama'a! Rebecca ta miƙe har kujera ta faɗi.

"Ka ji abin da bakinka ke faɗa kuwa? An aiko maka da ƙwaryar doya, takarda ta ce ɗari, ka yaga takardar, ka ƙirga tamanin, ka rubuta tamanin, sannan ka ce kaya sun cika! Ko shara na zuba maka a filashin nan kore za ka gani! Tun yaushe kake wannan aika-aikar?"

"Tun bara."

"Sau nawa?"

"Sha ɗaya, da na jiya."

Ta wanke shi tas, ba ta rage masa komai ba. Ta ce sau goma Allah ne kawai ya rufa asiri. Ta ce da ya san bai iya ba ai baki gare shi, tambaya ba ta kashe kowa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma a ƙarƙashin ɓacin ran akwai daɗi, don ta san ta fita. Sai da ta gaji don kanta ta tsaya. Sannan Dokta Noah ya tashi, ya ce wa Tsado ya tattara kayansa, shi zai je ofis ya rubuto takardar sallama.

Ƙofa na rufuwa Tsado ya zaro wayarsa. Ya daɗe yana jan allo sama.

"Madam, na tambaya," ya ce a hankali.

Ya danna wani tsohon saƙon murya. Muryarsa ce ta fara fitowa, ta bara, yana ta ba da haƙuri, yana cewa fayil ɗin Madam ya ƙi buɗuwa, ko akwai wani iri da za a turo masa. Sai amsa ta biyo baya, ga ƙarar janareta da hon ɗin keke mai ƙafa uku a bayanta: "Kai Tsado, don Allah kada ka cika ni da surutu, ina da mutane a shago. Ka san yadda za ka yi ya nuna kore, ka turo min hoto."

Muryarta ce, ba ta da inda za ta kai ta. Wani sabon haushi ya taso mata, wanda ya fi na ɗazu ɗaci. Minti biyu! Minti biyu ya ishe ta ta rubuta masa lambar a tsarin da kwamfutarsa ke ganewa, ko ta koya masa ya fitar da lambar ya duba da idonsa. Ta buɗe hotunan da ya riƙa turowa. A kowane ɗaya ga guntuwar lambar nan ɓaro-ɓaro a ƙasan allo. Sau goma sha ɗaya tana kallon launi tana tura masa alamar babban yatsa.

"Me ya hana ka kunna wannan a gaban Dokta?" ta daka masa tsawa.

"Ke kika san aikin, Madam. Na ɗauka ni ne ban fahimce ki ba."

Wannan amsa ta fi zagi ciwo. Ta ji kamar ta shaƙe shi. Da ya yi mata rashin kunya, da ta samu abin riƙewa ta fice abinta.

Dokta ya dawo da takarda a hannu. Rebecca ta karɓi wayar Tsado ba tare da ta roƙa ba, ta ajiye a kan tebur, ta ƙure sauti.

"Baba Dokta, kafin ka ba shi, saurari wannan."

Ya saurara har ƙarshe. Ya sa aka maimaita. Ya dube ta ta saman tabarau.

"Rebecca, kin tuna abin da na faɗa miki da safe?"

"Na tuna."

"Ni ba na magana biyu."

"Na sani, Baba. Ya tambaya, ni na kore shi."

Dattijon ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce wa Tsado ya koma bakin aikinsa. Sannan ya jawo wayarsa ya nemo lambar mai ɗaya daga cikin asibitocin nan huɗu, bai ko jira ta fita ba. Tana durƙushe tana naɗe wayar caji, haƙoranta a cije, ta ji an ɗauka a can ɓangaren.

"Hajiya, ina kwana. Noah ne daga Gwada. Maganar Rebecca ce, wadda na haɗa ku da ita."