Kwamfutar da Hajiya Indo Ta Saya da Nauyi

A shekarar da sojoji suka koma bariki, zancen Kano duka ya zama kwamfuta. Hajiya Indo, mai sayar da hatsi a Tarauni, ba ta taɓa zama a aji ba, amma jikarta Samira tana ajin ƙarshe a makarantar nas. Malamansu sun raba musu faifai mai hotunan cikin jikin mutum, suka ce daga nan za a fitar da jarrabawa. Kullum yarinya tana bin gidajen ƙawaye tana roƙon a bar ta ta leƙa. Abin ya ci wa tsohuwa rai, ta sayar da shanunta na ƙauye, ta tafi shagon wani Garba a Gyaɗi-Gyaɗi ita kaɗai.

Ta yi zaɓe irin na buhun gero: ta ɗaga, ta ji nauyi, ta ƙwanƙwasa. Ta ɗauki wadda gilashinta ya kai taga, sai da ƙarti biyu suka sa ta a tasi.

A gida Samira ta juya abin nan gaba da baya, babu ko bakin da za a saka faifai. Aka kira Lydia maƙwabciyarsu, mai buga takardu a sakateriya. Ta kunna, suka zauna jira har aka kira la'asar.

Lydia ta ce, "Inna, wa ya raka ki?"

"Ƙafata."

"To, ba a girma ake sayenta ba. Ki tambayi ƙwaƙwalwarta nawa, wannan ko rabin abin da faifan ke so ba ta kai ba. Ki tambayi rumbunta, inda take ajiya. Ki tambayi saurinta, da wurin faifai. Kuma a haɗa da akwatin da ke riƙe wuta in an ɗauke. Wannan tsohuwar ofis ce aka goge."

Samira ta mayar da faifanta cikin jaka. A wurin tsohuwa, wannan ya fi zagi zafi.

Washegari Hajiya ta sa aka sauke kwamfutar a ƙofar shagon.

"Garba, ga gawarka."

"Haba Hajiya, ai ciniki ya faɗa. Na nuna miki ƙarama, kika ce ba ki zo sayen rediyo ba."

"Na ce. Kai kuma ka ga makauniya ta nufi rijiya, ka ce Allah ya kiyaye hanya. Na gaya maka faifai za a saka ko ban gaya maka ba?"

"Abin da aka saya ba ya dawowa."

"Ni ma ba na komawa."

Ta shimfiɗa mayafi a bakin ƙofa ta zauna. Wani malami ya zo da matarsa, ta tare su.

"Ɗana, kafin ka taɓa aljihu, tambaye shi ƙwaƙwalwarta. Tambaye shi rumbu. Ka ce ya kunna a gabanka, ya saka faifai ka gani da idonka."

Malamin ya tambaya, Garba ya soma inda-inda, suka fice. Na biyu ma haka. Masu acaɓa suka taru suna dariya, ita kuwa ko murmushi.

"Hajiya, za ki kashe min kasuwa."

"Ni jika ka kashe min. Wa ya fi asara?"

Da rana ta take, ya fito da ƙaramar. Amma ya ce ƙaton gilashin zai karɓe, kuma akwatin riƙe wuta ba ya ciki. Ta sa aka kirawo Samira. Yarinya ta saka faifai, sai ga zuciyar mutum ta bayyana tana bugawa. Hajiya ta kau da kai, ta ce a naɗe.

A tasi ta riƙe ƙaramar a cinya, ba ta gamsu da rashin nauyinta ba. Jarrabawa jibi ce, faifan kuwa ko kashi ɗaya Samira ba ta gama ba. Suna shiga layinsu suka tarar an ɗauke wuta.

"Inna, bari in je gidan su Khadija, suna da janareta."

Tsohuwa ta dube ta, ta dubi kwamfutar. "Je ki. Amma ki tafi da taki, kada ki roƙi ta kowa."