Baƙin Goggo Mai Keke

Wata 'yar barewa ta shigo layinmu a guje, tana jan ƙafar baya, samari na biye da ita da sanduna. Ina tsaye a ƙofar gida da bokitin wanki na ga ta kutsa gidan maƙwabciyarmu, tsohuwar tela da kowa ke kira Goggo Mai Keke. Kafin samarin su ƙaraso, Goggo ta riga ta tare bakin ƙofa da almakashi a hannu.

"Goggo, namanmu ne ya shiga," in ji babbansu yana haki.

"Naku? Ku kuka haife ta?"

"Mu muka koro ta tun daga bakin kurmi."

"To sannunku da rakiya. Ta iso gida lafiya, sai ku koma. Mai kwaɗayin nama ya san rumfar mahauci."

Suka yi ta guna-guni, amma babu wanda ya iya ture ta. Rabinsu ita ta ɗinka musu rigar makaranta.

Kurmin yana bayan unguwarmu, inda layin ya ƙare. Akwai itatuwa a ciki da mutum biyu ba sa iya rungumewa, kuma Goggo ta ce kakarta ma haka ta taso ta same su. Da aka fara aikin layin dogo, katafila ta shiga ta gefen gabas, namun daji suka fara fitowa cikin mutane. Sai ka ga bushiya a kwata, kunkuru a tsakiyar titi, kurege a rufin shago. Duk wanda ya tsira daga jifar yara, gidan Goggo yake ƙarewa. Tsakar gidanta ta cika da kwanduna da tsofaffin kwalaye, ta shimfiɗa musu ƙyallayen ɗinki. Barewar ma ta ɗaure mata ƙafa da ragowar wani yadi mai furanni.

Ni kuwa ina tsaka mai wuya, don maigidana direban tifa ne a wajen aikin. Da albashin nan muke ci. Kullum ya dawo da yamma, Goggo na jiransa ta kan katanga.

"Direba, yau gidan wa aka rushe?"

"Goggo, ni ƙasa kawai nake ɗauka."

"Ƙasar kuma daga ƙarƙashin wa ake kwaso ta?"

Sai ya yi dariyar yaƙe ya shige ɗaki. Ni ce nake zuwa ba ta haƙuri, ta ce babu abin ba da haƙuri.

"Ba gaba nake da jirgi ba, 'yar nan. 'Yata tana nesa, ni ma ina son in hau in je in gan ta. Amma fili ya ƙare ne a duniya, sai ta cikin kurmi?"

A lokacin ƙafafunta sun soma kumbura, numfashi na yi mata wuya in ta yi tafiya kaɗan. Duk da haka, ranar da labari ya zo cewa an shafa jan fenti, alamar za a sare, a manyan itatuwan da ke kewaye da idon ruwan cikin kurmin, ta kira mai turin kura ya ɗora kekenta na ɗinki da kujerarta. Na bi ta ina roƙo, ko waiwaye ba ta yi ba. Ta sa aka girke keken a gindin itacen da ya fi kowanne kauri, ta zauna ta fara taka shi.

Shugaban ma'aikatan ya zo, hular kwano a hannu. Mutum ne mai ladabi.

"Mama, nan wurin aiki ne."

"Ni ma aikin nake yi, ɗana. Ga aljihun rigarka ya ɓalle, cire in kama maka."

"Mama, ba ni na zana hanyar nan ba."

"Na sani. Ka je ka gaya wa wanda ya zana, akwai tsohuwa zaune a kan zanensa."

Washegari matan layinmu suka fara kai mata ɗinki can. Wasu don goyon baya, wasu don kallo. Aka kira 'yan sanda, babbansu ya dube ta ya ce shi ba zai ciccibi sa'ar uwarsa ba, ya koma mota. Injuna suka karkata wani ɓangare suka bar wurin. Goggo tana zuwa da hantsi, ta tashi da la'asar, tana tari tana ɗinki.

Ruwan sama ne ya kayar da ita. Ya sauko da rana tsaka, ta ƙi tashi, ta lulluɓe keken da mayafinta ta bar kanta a buɗe. Da muka je ɗaukarta jikinta ya yi zafi kamar garwashi. Maigidana ne ya tsayar da tifarsa da kaya a ciki, ya sa ta a gaba ya kawo ta gida, bai nemi izinin kowa ba.

'Yarta ta iso ta kawo likita. Ya ce zuciya ce, a kai ta asibiti. Goggo ta girgiza kai.

"Na gama yawo. Ku bar ni a ɗakina."

Safiyar da za ta rasu ina zaune a bakin gadonta ina jiƙa mata leɓe da ruwa. Sai ƙarar injin yanka itace ta taso daga wajen idon ruwa. 'Yarta ta miƙe da sauri za ta rufe taga.

"Sun fara?" in ji Goggo.

Na so in yi mata ƙarya, na kasa. "Sun fara, Goggo."

"Bar tagar a buɗe. Kada su ce babu wanda ya ji."

Muka zauna mu uku muna saurare. Can aka ji wata doguwar ƙara, sannan ƙasa ta girgiza har kofin da ke kan tebur ya motsa. Goggo ba ta runtse ido ba. Ta riƙe hannuna gam, tana kallon tagar, har riƙon ya saki. Allah ya jiƙanta.

Bayan kwanakin zaman makoki 'yarta ta kulle gidan ta koma. Kwandunan da dabbobin cikinsu na kwaso su zuwa tsakar gidanmu ban tambayi maigidan ba. Ya ci gaba da fita aiki, amma ya daina hira in ya dawo.

Wata la'asar na hango shi tafe daga ƙarshen layi da singileti kawai, ya dunƙule rigar aikinsa a ƙirji. Ya wuce ƙofarmu ya tsaya a ta Goggo, ya daɗe yana kallon kwaɗon da aka kulle ta da shi. Sannan ya juyo ya shigo, ya durƙusa a gindin katanga.

"Samo min kwali," ya ce. "Itacensu ya faɗi ina wurin."

Ya buɗe rigar a hankali. 'Ya'yan mujiya ne guda biyu, ko gashin kirki ba su yi ba, garin katako duk ya manne musu. Ya sa ɗan yatsa yana share musu kai, suna ta buɗe baki.